Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Kamun Kifi a Tafkin da Ya Daskare?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a jihar Minesota ta Amurka ya rubuto mana cewa, "Abokaina sun gayyace ni kamun kifi a kan tafkin da ya daskare. Ni dai a gida kwalekwale da fatsa na sani. Idan ruwa ya zama ƙanƙara, ashe kifin ma bai daskare ba? Kuma yaya mutum zai hau bai burma ba?"

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Da farko, tafki mai zurfi ba ya daskarewa har ƙasa. Ka tuna ƙanƙarar da ake jefawa a kofin zoɓo: sama take tasowa, domin ta fi ruwa rashin nauyi. Haka abin yake a tafki. Ruwa ya fi nauyi idan yana kan digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, sai ya kwanta a ƙasa, wanda ya fi shi sanyi kuma ya tsaya a sama ya daskare. Ƙanƙarar ta zama murfi ke nan, tana tare sanyin waje. Kifi yana nan da ransa a ƙarƙashi, sai dai jikinsa ya yi sanyi, ba ya yawan zirga-zirga, ba ya kuma cin abinci da haɗama.

Batun burmawa kuwa, kauri ne magana. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota, jihar da ke da tafkuna sama da 10,000, tana ba da shawarar kada a taka sai sabuwar ƙanƙara garau ta kai inci 4, wato kimanin santimita 10. Ƙaramar mota sai an kai wajen santimita 25 zuwa 30. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusar ƙanƙara ƙarfinta rabi ne, don haka ana ninka awon. Kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Kusa da gada, ko inda rafi ke shigowa, ruwa yana gudu ta ƙasa yana cin ta. Shi ya sa masana ke tafiya suna hudawa suna aunawa.

Da kun sami wuri, za a ɗauko wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki, a yi ta juya shi har ya fasa rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya. Ruwa zai bulbulo baƙi wuluk. Sai a sa cokali mai huji-huji, irin na kwashe ƙosai, a tsame ɓarɓashin ƙanƙara, a kuma riƙa maimaitawa, don bakin ramin yakan sake daskarewa. Sandar fatsar gajeriya ce, ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba, tunda ba jifa za ka yi ba. Ka saƙala tsutsa ko ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, ka zura har kusa da ƙasa, ka riƙa ɗan girgizawa a hankali. Cin kifin hunturu a ɓoye yake, wani lokaci bakin sandar kawai za ka ga ya ɗan rusuna. An fi dacewa da sassafe da gab da magariba.

Kana zaune za ka iya jin ƙasa ta yi ruri kamar aradu. Kada hantarka ta kaɗa. A ranar tsananin sanyi ƙanƙara mai kauri takan yi wannan ƙara yayin da take takurewa ko buɗewa.

Ka yanki lasisi kafin ka fita, kada kuma ka je kai kaɗai. Ka sa tufafi hawa-hawa da takalmin da ba ya shan ruwa. Ka rataya a wuya wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi, waɗanda ake cakawa a ƙanƙara a jawo jiki idan an faɗa. In kun shiga bukka mai na'urar ɗumama ɗaki, ku bar kafar iska, domin gubar da ke kashe masu kwana da janareto ko gawayi a ɗaki rufe, ita ce a can ma.

Ka tafi da shayinka a fulas, ka bi sawun waɗanda suka san tafkin. Ko ka dawo hannu rabbana, ka rubuto ka ba mu labarin yadda gwiwoyinka suka yi a takun farko.