Cutar Asma: Idan Garkuwar Jiki Ta Wuce Gona Da Iri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma 455,000 suka rasu sanadiyyarta. Wajibi ne mu fahimci yadda take kama 'ya'yanmu.

Mene ne asalinta?

Garkuwar jiki ita ce ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Amma a jikin mai asma takan ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙurar ɗaki, gashin kyanwa ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba. Sai ta ƙera wani sinadari mai suna IgE, wanda ke maƙalewa a jikin wasu ƙwayoyi da ke gadin hanyoyin iska na huhu. Da zarar yaro ya sake shaƙar abin, ƙwayoyin nan sai su saki histamin da makamantansa. Nan take hanyoyin iska su tsuke, bangonsu ya kumbura, majina mai kauri ta taru. Shi ya sa muke jin ƙirjin yaro yana fito, tari ya hana shi barci.

Kumburin nan ba ya gushewa don numfashi ya daidaita. Yana nan kwance, mura ko ƙurar hunturu ko hayaƙi su tayar da shi.

Me ya kamata mu yi?

Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol yana buɗe hanyoyin iska cikin mintuna, amma ba ya kawar da kumburi. Na biyun, mai sinadarin siteroid, shi ne ke kwantar da kumburin, saboda haka kada mu dakatar da shi sai da izinin likita.

Mu nisanta yaro daga hayaƙin icce, taba, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Malamai su zaunar da almajiri mai asma nesa da wutar karatun dare. Asma ba ta yaɗuwa, kuma ba ta hana yaro karɓar rigakafi.

Idan yaro ya kasa magana ko shan nono saboda haki, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, mu garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.