Sarki Abubakar na Johor

Johor jiha ce a kudancin ƙasar Malesiya. Ɗan siririn ruwan teku ne ya raba ta da tsibirin Singafo. Sarakunanta Musulmi ne, 'yan ƙabilar Malay.

An haifi Abubakar a 1833. Ya yi karatun addini, ya kuma shiga makarantar boko a Singafo, har ya iya Turanci sosai. A 1862 ya gaji mahaifinsa Daeng Ibrahim. Sarautar gidansu a lokacin ana kiranta Temenggong, ba ta kai ta Sultan ba.

Ƙasar da ya gada kurmi ce, ga faɗi ga ƙarancin mutane. Tun zamanin mahaifinsa aka fara gayyato manoma Sinawa, shi kuma ya tsara abin da kyau. Sai a ba shugaban manoma takarda mai hatimin sarki, a yanka masa bakin wani kogi. Shi zai kawo ma'aikata, su sare daji, su shuka masoro da gambir. Shi zai tsare zaman lafiya a wurin, ya kuma biya haraji. Gambir wani tsiro ne da ake jeme fata da shi, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. A dafa ganyensa, ruwan ya daskare, a yayyanka, a loda wa jiragen ruwa sai kasuwar Singafo. Da wannan kuɗi baitulmali ya cika, aka gina fada a birnin Johor Bahru a 1866.

Daga 1874 Turawan Ingila suka fara ajiye Razdan a jihohin Malay, suka soma da Perak. Dole sarki ya bi shawarar Razdan a komai, in ban da addini da al'ada. Hujjarsu ita ce rikici da rashin tsari. Abubakar ya gane wannan, sai ya toshe ƙofar. Ya kafa kotuna da 'yan sanda da ofisoshin ƙasa da na kuɗi, ya ɗora 'yan ƙasa masu ilimi a kai. Ya riƙa zuwa Landan da kansa, har ya saba da Sarauniya Victoria. An zarge shi da kashe kuɗi a tafiye-tafiyen nan, kuma zargin yana da tushe. Amma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

A 1885 ya ƙulla yarjejeniya da Ingila. Suka amince shi Sultan ne, shi kuma ya bar musu hulɗa da ƙasashen waje. A 1895 ya ba Johor rubutaccen tsarin mulki, irinsa na farko a jihohin Malay. Tsarin ya hana sarki miƙa ƙasar ga wata daula ta waje.

Ya rasu a Landan a watan Yuni na shekarar, aka kawo gawarsa gida. Sai a 1914, zamanin ɗansa Sultan Ibrahim, Turawa suka samu ajiye mai ba da shawara wanda dole sarki ya bi shawararsa a Johor.