Yadda Ake Wasan Golf na Faifai a Cikin Kurmi a Bakin Kogi

Faifan da nake magana a kai ba na kaba ba ne, wanda ake rufe ƙwarya ko a yi bakace da shi. Wannan na roba ne, faɗinsa santimita 21 ko ɗan fiye da haka, nauyinsa kuma doka ba ta yarda ya wuce giram 200 ba. Za ka tsaya a kan dandamali ka wurga shi, ka bi shi inda ya faɗi ka sake wurgawa, har ya shiga wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, mai sarƙoƙi a rataye da ke tare faifan su sauke shi ciki. Wanda ya gama zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane zango yana da adadin jifan da aka ƙayyade masa, yawanci uku, wani huɗu, wani biyar.

Wasan na Amurka ne. Ed Headrick ya kafa fili na farko na dindindin a Oak Grove da ke Pasadena, jihar Kalifoniya, a 1975, shekara guda bayan nan ya kafa ƙungiyar PDGA wadda har yau dokokinta ake bi. A sarari, wasan ba shi da wuyar fahimta. Inda yake zama abin da ke sa babba ya yi ta magana shi kaɗai shi ne cikin kurmi, musamman idan kogi na gudana a gefe. Misalin da zan riƙe shi ne filin gandun Milo McIver, kusa da garin Estacada a jihar Oregon, a bakin kogin Clackamas, tafiyar ƙasa da awa guda a mota daga Portland. A nan ake yin gasar Beaver State Fling, kuma a nan ne a 2016 Philo Brathwaite ya gama zango mai tsawon ƙafa 850, wanda aka ƙayyade wa jifa biyar, da jifa biyu kacal. Ka kalli bidiyon ka ji daɗi, sannan ka manta da shi kafin ka fito daga mota, don shi ne abin da zai fi cutar da kai a ranar.

Fara da jaka, tun kana gida

Sabon shiga yakan cika jaka da fayafayan nesa, masu kaifin baki da faɗin gefe. A kurmi ba su za su yi maka aiki ba. Dubi lambobi huɗun da ke rubuce a jikin faifai: na farko gudu, na biyu daɗewa a iska, na uku yadda yake karkata dama lokacin da yake da ƙarfi, na huɗu yadda yake komawa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare. Wannan lissafi na mai jifa da bayan hannun dama ne. Bahago sai ya juya komai. Faifai irin Destroyer na kamfanin Innova lambobinsa 12, 5, -1, 3. Idan hannunka bai kai gudu 12 ba, abin da zai yi kawai shi ne ya tashi kaɗan ya zarce hagu cikin ƙaya. Ɗauki matsakaici irin Buzzz na Discraft, mai 5, 4, -1, 1, wanda ke tafiya kai tsaye kamar an ja masa zare. Ƙara Leopard mai 6, 5, -2, 1 don hanyar da ta lanƙwasa dama, da Teebird mai 7, 5, 0, 2 don ranar iska, sai faifan zurawa irin Aviar. Huɗu ko biyar sun isa.

Launi ma ba ado ba ne. Koren faifai ko baƙi, idan ya shige ƙarƙashin ganye da gansakuka, sai dai ka yi masa addu'a. Nemi ruwan hoda ko ruwan lemo mai ɗaukar ido. Rubuta sunanka da lambar wayarka a cikin kowanne. Dokar gasa ma ta ce kowane faifai ya zama da alamar mai shi, kuma al'adar 'yan wasan ce su kira wanda aka tsinci nasa. Sa tawul biyu, domin yammacin Oregon wurin ruwan sama ne daga kaka har bazara, kuma faifai jiƙaƙƙe ba ya jin maganar yatsu. Takalmi mai riƙe ƙasa, dogon wando, ruwan sha. Shi ke nan.

Karanta zango daga kwando zuwa baya

Wannan shi ne matakin da na fi so a daɗe a kansa. Da ka hau dandamali, ido zai ruga can wajen kwando, hannu kuma ya fara ƙaiƙayi. Dakata. Karanta allon da ke gefe: tsawon zangon, inda iyaka take, da ko akwai bishiyar da dole faifai ya bi ta wani gefenta. Idan ba ka ganin kwandon, taka ƙafa ka je ka gani, ba wanda zai ce ka ɓata lokaci in babu jerin mutane a bayanka.

Sannan ka tambayi kanka: daga ina nake son in yi jifa na biyu? Ba "ina ne iyakar ƙarfina" ba. Sau da yawa za ka ga wani buɗaɗɗen wuri a mita 60 ko 70, wanda daga shi kwandon yake a fili. Can za ka nufa, ko da kana iya kaiwa mita 100. Mita talatin ɗin da kake kwaɗayi su ne ke kai mutum bayan kututture, inda zai kashe jifa biyu kafin ya ga haske.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci: idan na kuskure, ta wane gefe ya fi sauƙi? Kowa na kuskure, har zakarun duniya. Idan kogi na hagu, kuma ka san faifan bayan hannun dama hagu yake ƙarewa, to ka san dabi'ar faifanka da kogin sun haɗa baki a kanka. Ko ka nufi can dama ka ba shi wurin dawowa, ko ka yi jifan gaban hannu, wanda ake fizgowa daga gefen ƙugu, domin shi dama yake ƙarewa, wato yana guje wa ruwan. Wanda bai iya jifan gaban hannu ba, ko na mita 40 ne, rabin ƙofofin kurmi a rufe suke gare shi.

Ratsa tsakanin itatuwa

Kada ka kalli bishiya. Hannu yana bin ido. Wanda ya ƙura wa kututture ido yana cewa "kada in buge ka", shi zai buga. Nemi ratar farko da ke gabanka, mita 15 ko 20, ka zaɓi wani abu ƙarami a bayanta, reshe ko hasken rana a jikin ganye, ka nufe shi. Idan faifan ya wuce ratar farko a daidai kusurwa, sauran tafiyar ta fita daga hannunka.

Rage ƙarfi zuwa kamar kashi bakwai cikin goma. Rage gudun ƙafa kuma. Taku uku a hankali, ko ma a tsaye cak idan dandamalin ya jiƙe. Jawo faifan kusa da ƙirji a miƙe, kamar mai tayar da janareta, kada ka zagayo da shi kamar mai yankan ciyawa da lauje. Kuma ka sunkuyar da hancinsa. Faifan da hancinsa ya ɗaga sama yakan hau, ya tsaya, ya faɗo hagu, kuma a kurmi sama ba a buɗe take ba. Rassa sun yi rufi.

Akwai kusurwa uku da ya kamata hannunka ya sani. Idan ka saki faifai gefensa na waje yana ƙasa, 'yan wasa suna kiransa haiza, zai lanƙwasa hagu. Idan gefen yana sama, anhaiza ke nan, zai tafi dama. Na uku a kwance. Dabarar da ta fi amfani a siririyar hanya ita ce ka ɗauki faifai mai saurin karkata dama, irin Leopard ɗin nan, ka sake shi da ɗan haiza. Zai tashi ya daidaita kansa a kwance ya tafi ɗoɗar. Ka gwada wannan a filin ƙwallo sau hamsin kafin ka kai shi gaban itatuwa.

Iska kuma a bakin kogi tana da wayo. Cikin kurmi shiru, amma da faifan ya fito sarari sai ta kama shi. Wadda ke zuwa daga gaba tana sa shi karkata dama fiye da yadda ya saba, don haka ɗauki mai taurin kai irin Teebird. Wadda ke bayanka tana danne shi ƙasa. Dubi saman itatuwa da fuskar ruwa, ba ciyawar da ke ƙafarka ba.

Idan ka shiga ƙaya

Za ka shiga. Za ka ji ƙarar nan, ƙwas, faifai ya daki itace ya yi tsalle inda ba ka aike shi ba. Ka bi shi da ido har ya tsaya, ka riƙe wata alama, domin doka minti uku ta ba ka na nema. Idan lokacin ya wuce, faifan ya ɓata, an ƙara maka jifa ɗaya, ka koma inda ka yi jifan baya.

Da ka same shi, ƙafarka za ta kasance a bayansa, cikin wuri mai faɗin santimita 20 da tsawon 30. Ba a karya reshe, ba a tanƙwara shi don a buɗe hanya. Kana iya miƙa ɗaya ƙafar can gefe, ko ka durƙusa, muddin ba ka matsa kusa da kwando ba. A nan za ka ga wata 'yar rata mai faɗin tafin hannu wadda ke kallon kwando kai tsaye, zuciya ta ce maka za ka iya. Na taɓa amsa mata. Faifan ya daki reshe na farko, ya dawo ya kwanta bayan dugadugina, abokan wasa suka juya baya suna kallon kogi don kada in ga haƙoransu. Zangon jifa uku na gama shi da bakwai. Abin da ya kamata shi ne ka ɗauki faifan zurawa ka tura shi mita goma ko sha biyar zuwa kan hanya, ka karɓi asarar jifa ɗaya ka wuce.

Kafin ka zura hannu cikin ciyayi, duba. A wannan yanki akwai wani tsiro mai ganye uku-uku wanda mansa ke sa fata ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki, kuma man yana maƙalewa a jikin faifai da tawul. Ga kuma sarƙaƙiya mai ƙaya. Dalilin dogon wandon ke nan.

Ruwa

Idan faifai ya faɗa inda aka sa a matsayin wajen iyaka, an ƙara maka jifa ɗaya, sai ka yi wasa daga cikin mita guda da inda ya tsallaka iyakar, ko ka koma inda ka jefa. Kududdufin ruwan sama da ba a sa cikin iyaka ba kuwa, kana iya ja da baya a kan layi ɗaya da kwando ba tare da tara ba.

Faifan da ya shiga kogin, ka bar wa kogin. Clackamas daga tsaunukan Cascade yake gangarowa, ruwansa da sanyi ƙwarai ko rana na dukan ka, yana da gudu, duwatsun bakinsa kuma da santsi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ba kuma sa'an mai neman kwando ba. Yawancin fayafayai nutsewa suke yi, kuma kuɗin sabo bai kai a jiƙa wando a kansa ba. Saboda haka a zangon da ruwa ke barazana, jefa wanda ba za ka yi kewarsa ba.

Gaban kwando

Cikin mita goma daga kwando doka ta canza: bayan ka saki faifai, dole ka nuna ka tsaya daram kafin ka taka gaba. Zaɓi sarƙa guda ɗaya a tsakiya, ɗan sama da bakin kwandon, ka tura faifan gare ta da ƙarfin da zai shige cikin sarƙoƙin. Jifan tsoro yakan daki bakin ƙarfen ya faɗo.

Amma dubi bayan kwandon tukuna. Idan gangara ce zuwa ruwa, kuma kana mita 15 ko 20, kada ka nemi shiga. Faifan da ya kuskure ya sauka a kan gefensa yakan miƙe tsaye ya gangara kamar taya, kana kallo har ya ce tsulum. Ajiye shi a kwance a gindin sandar, a gefen tudu, ka ƙarasa da jifa na gaba.

Wanda ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, saura su tsaya a bayansa su yi shiru; a nan kusa da kwando kana da daƙiƙa 30 idan layi ya zo kanka. Gandun ba na 'yan wasa kaɗai ba ne, akwai masu yawo da masu kamun kifi, don haka idan faifai ya nufi mutum ka ɗaga murya ka ce "fo", kalmar gargaɗin da kowa a filin ya sani. Cire faifanka daga kwando, rubuta maki, wanda ya fi ƙarancin jifa a wannan zango shi zai fara hawa dandamali na gaba. Goge faifan da tawul kafin ka mayar da shi jaka, laka na canza yadda yake tashi.