AIKIN GONA: Zaɓen Taya da Rim ga A-kori-kurar da Aka Ɗaga

Da zarar damina ta zauna, hanyoyin ƙauye su kan zama abin fargaba ga mai a-kori-kura. Manyan motoci su haƙa rami biyu su bar doro a tsakiya, ƙaramar mota ta zo ta hau doron nan cikinta ya dafe, ƙafafunta na ta juyawa a banza. In tumatir aka ɗauko, kwana guda a wurin ya isa a yi hasarar lodin duka. In taki ne kuwa, ruwa ya same shi a kan hanya. Saboda haka ne masu motoci da yawa ke kai su wurin makanike a ɗaga su, watau a sake musu sifirin da shokazoba masu tsawo, galibi a ƙara musu kamar inci 2, milimita 50 ke nan.

Ɗagawar ba laifi ba ce. Inda ake yin kuskure shi ne bayanta. Mai mota ya ga fili ya buɗe tsakanin taya da bodi, sai ya nufi kasuwa ya ce a ba shi tayar da za ta cike filin. Alhali kuwa nauyin kaya, da irin hanya, da ƙirar motar su ya kamata su zaɓi taya. Za a ɗauki Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu misali, domin tana cikin waɗanda aka fi gani a hanyoyin gona.

Abin da ɗagawa ba ta yi

Bodi da inji da tankin mai duk bisa sifirin suke zaune, su ne ke tashi in an ɗaga mota. Aksul na baya kuwa taya ce ke ɗauke da shi. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutun ƙarfe mai kama da tulu, inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya suke. Shi ne ya fi kome kusa da ƙasa ta baya, shi ne kuma ke fara dukan doro. Ko da an ɗaga mota inci 6, tulun nan yana nan inda yake. Ba abin da ke ɗaga shi sai tsayin taya, shi ma rabin abin da aka ƙara kaɗai yake samu, domin ɗayan rabin sama yake tafiya.

Na biyu, ɗagawa ba ta ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Hilux abin da aka ƙayyade mata bai wuce kimanin tan guda ba, har da direba da yaransa. Buhu 10 na masara masu kilo 100 sun riga sun cinye shi.

Na uku, in mota ta yi lodi ta faɗa rami, sifirin ya kan danne, ƙafar gaba ta koma can sama inda take kaiwa tun kafin a ɗaga. Filin da ake gani sa'ad da mota ke tsaye ba kaya, a nan yake ɓacewa. Tayar da ta yi girma sai ta goge bodi.

Karanta rubutun jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefe. Yawancin Hilux na shekarun nan suna zuwa da 265/65R17. Ma'anarsa ke nan: faɗin taya milimita 265, tsayin gefenta, daga bakin rim zuwa inda take taɓa ƙasa, kashi 65 cikin 100 na faɗin, watau milimita 172, sa'an nan 17 girman rim ne da inci. In an haɗa rim da gefe biyu, tsayin tayar duka milimita 776 ne.

To, ga biyu da aka fi sha'awa bayan ɗagawa. 265/70R17 tsayinta milimita 803, ta ɗaga tulu milimita 13, rabin inci ke nan. 285/70R17 tsayinta milimita 831, ta ɗaga shi milimita 27, inci guda da 'yan kai. Ta farko ita ce iyakar abin da galibi ke shiga da ɗagawar inci 2 ba tare da babban gyara ba, ita ma wani lokaci sai an rage robar da ke tare laka. Ta biyu kuwa sau da yawa sai an yanke wani abu a bodi ko a ƙarfen da ke bayan ƙafar gaba kafin sitiyari ya juya sosai.

Abin da babbar taya ke ci

Inci guda ɗin nan ba kyauta ake samunsa ba. 285/70R17 ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin 100, ga kuma abin da ke biyo baya.

1. Ƙarfin ja yana raguwa da kashi 7 ɗin nan. Motar da ke hawa gangaren rafi da giya ta biyu sai ta nemi ta ɗaya, kuloci ya sha wuya, mai kuma ya ƙara tafiya.

2. Birki yana ƙara wahala, domin taya ta fi tsayi ta kuma fi nauyi. Mota mai lodi sai ta ƙara nisa kafin ta tsaya.

3. Maleji yana rage lissafi. Gudun da a da zai nuna 107, yanzu 100 zai nuna. Haka ma lissafin tafiya. Akawun da ke biyan kuɗin mai bisa maleji, ko mai jiran lokacin juyen baƙin mai, lalle ya san da wannan.

4. Mota tana ƙara sauƙin kifewa. An ɗaga ta inci 2, taya ta ƙara guda, aka kuma jera buhuna har suka wuce kan direba. A kwana mai tsanani ko a hanyar da ta karkace, nauyin nan na sama shi ke jan ta. Garin neman gira kada a rasa ido.

Lambar nauyi ita ce gaba da kome

Bayan girman taya akwai wata lamba da harafi, kamar 112S. Lambar tana faɗin abin da taya guda za ta iya ɗauka: 110 kilo 1,060 ne, 112 kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Harafin na gudu ne: S kilomita 180 a awa, Q 160. Manomi bai damu da gudun nan ba, amma lambar nauyi kada ta kasa wadda kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, domin yawancin nauyin buhuna a kan tayoyin baya biyu yake sauka.

Girman ido ba shi ne ƙarfi ba. A kan sami taya mai faɗi, 31x10.50R15, da lamba 109, watau kilo 1,030, alhali siririyar 205R16C da ke zuwa da motocin aiki tana da 110. Tayar da aka yi domin kaya tana da LT a farkon rubutunta ko C a ƙarshe. Jikinta ya fi kauri, ta fi jure kututture da tushiyar dawa da ƙaya. Amma tana son iska fiye da ta ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyin da aka rubuta mata. In aka bar ta da ƙarancin iska a kan kwalta da rana tsaka, sai ta yi zafi ta fashe.

A duba shekarunta kuma. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2022. Roba tana bushewa ko ba a mora ta ba. Manyan masu yin taya suna ba da shawarar a riƙa bincikenta kowace shekara in ta kai 5, a kuma cire ta in ta kai 10 ko da zanenta bai suɗe ba. Mai sayen ta gwanjo sai ya fara da nan. Araha ba ta ado.

Zane sai ya dace da hanya

Zanen taya iri uku ne. Mai alamar HT ta kwalta ce, ba ƙara, ba shan mai, amma laka na cike zanenta nan da nan. Mai alamar MT ta taɓo ce, haƙoranta manya da tazara, suna zubar da laka in ta juya. Ta dace da mai aiki a fadamun Haɗeja ko baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, sai dai a kwalta tana da ƙara, tana saurin cinyewa, ba ta kuma kama jiƙaƙƙen titi sosai. Mai alamar AT tana tsakani. Ga falken da ke tara hatsi a kasuwannin ƙauye ta burji sa'an nan ya hau kwalta zuwa Dawanau, ita ta fi.

A rairayi irin na arewacin Yobe da Jigawa, haƙori mai zurfi haƙa yake yi ya binne mota. Abin da ke taimako shi ne a rage iska taya ta shimfiɗu, a tafi sannu, in an fito kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Zaɓen rim

Rim shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kai, kuma abu huɗu ake dubawa.

Ramukan noti: na Hilux mai ja da ƙafa huɗu guda 6 ne, a da'ira mai faɗin milimita 139.7, ramin tsakiya kuma milimita 106. Wasu motoci suna da ramuka 6 iri ɗaya amma ramin tsakiyarsu ya fi ƙanƙanta, rim ɗinsu ba zai zauna ba. Kada a yarda a faɗaɗa shi da wuta.

Faɗi: 265/70R17 tana son rim mai faɗin inci 7 zuwa 8 da rabi.

Zama ciki ko waje: a bayan rim akwai ET da lamba, na Hilux galibi wajen 30. In lambar ta ragu, taya ta kan fito waje. Kaɗan yana hana ta gogar ƙarafan ciki. Da yawa kuwa yana cin boris, ya nauyaya sitiyari, ya sa taya ta bugi bakin bodi ta kuma watsa laka.

Irin ƙarfe: na baƙin ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwasa yake, a buga shi da guduma a kai gida. Na alminiyam tsagewa yake. Notinsu ma ba lalle ya zama iri ɗaya ba, kowane rim a ɗaure shi da nasa. Ban da haka, ƙaramin rim mai doguwar taya ya fi babban rim mai gajeren gefe jure ramuka, muddin dai bai taɓa birki ba.

Gwaji kafin biya

Mai hankali ya sa a ɗaura guda biyu a gaba tukuna. A juya sitiyari iyaka hagu da dama, a yi gaba a yi baya. A ɗora kaya, a ƙetare kwata a karkace, a saurara. In an shafa alli a inda ake zato, wurin gogar zai nuna kansa. In ta wuce, a sayi biyar iri ɗaya har da safaya, domin mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta son ƙafafu masu bambancin tsayi. A gwada kuma ko safayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Sa'an nan a kai a yi mata alaimen, domin ɗagawa ta kan karkatar da zaman ƙafafun gaba, sabuwar taya ta cinye ta gefe guda. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure noti.

Wanda hanyarsa burji ce da kwalta, tayar asali mai LT da zanen AT ta ishe shi ko an ɗaga motar. Wanda doro ke tare shi kowace damina ya ƙara mataki guda ya tsaya nan. Ragowar kuɗin gara a sayi geji da famfon iska da shebur, a ajiye su a bayan kujera tun kafin ruwa ya sauka.