Yadda Ake Sayen Tsohuwar Janwe a Tayar da Ita

Duk wanda ya san hanyar Agege zuwa Abule-Egba a Legas ya san tsofaffin janwe da ke fakewa a bakin titi suna jiran motar da za ta mace. Yawancin ƙananan cikinsu Land Rover ne da aka ɗora wa ƙugiya, wasu har yau da hannu ake murza su. Sana'ar janwe ta samo asali ne a 1916 a garin Chattanooga na Amurka, inda wani bakanike, Ernest Holmes, ya fara ɗora abin ɗagawa a bayan mota. A Ingila kuwa kamfanin Harvey Frost ne ya yi suna wajen ƙera irin wadda ake murzawa da hannu. Ga yadda ake mallakar irin wannan mota a mayar da ita bakin aiki.

Da farko a nemi bakaniken da ya saba da tsofaffin motoci, a tafi tare da shi. Dillali la'adarsa yake nema, ba zai nuna aibi ba. Ana samun motocin a garejin kanikawa, da wurin gwanjo, da hannun 'yan gwangwan.

In an samu mota, kada fenti ya ruɗi mai saye. Jikin Land Rover alminiyon ne, ba ya tsatsa, amma shasinta ƙarfe ne, kuma danshin Legas da ruwan da ke kwanciya a titi da damina daga ciki suke cin sa. A shiga ƙarƙashi da guduma a bubbuga, musamman can baya inda ƙugiya ta zauna da inda sifirin ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya burma. In shasi ya tafi, a haƙura da motar komai sauƙin kuɗinta, araha ba ta ado.

Kafin a biya, a duba takardu. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce, a kuma yi takardar ciniki gaban shaidu. A lura da sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, don haka motar da sitiyarinta ke dama sai an mayar da shi hagu.

Daga nan sai gareji. A sauke ƙugiyar, a kankare tsatsa, mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya sa ƙarfe mai kauri iri ɗaya. Injin Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, yawanci mai lita 2.25 ne, na fetur ko na gas, kuma ba shi da wuyar sha'ani. A canza baƙin mai da na giya, a wanke lagireto, a duba kuloci da ƙaramar giya, don da ita ake tashi da kaya. Birki kuwa sabo za a sa gaba ɗaya, tunda nauyin mota biyu zai riƙa tsayarwa. Kayan gyara ana neman su a kasuwar Ladipo da ke Mushin, ƙarafa kuma a Owode Onirin ta hanyar Ikorodu.

Babban aikin yana kan ƙugiya. A warware ta ɗaya bayan ɗaya, a wanke da kananzir. A duba haƙoran gargaren: in sun cinye ko ɗaya ya karye, sai an sassaƙo sabo. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ya hana kaya zamewa. Shi ne ran janwen hannu. In ya kuɓuce, hannun murzawa zai juyo da ƙarfin da zai karya ƙashin mutum. A sabunta shi tare da ɗan sifirinsa. Wayar ƙarfe da ta fara tsintsinkewa ko ta lanƙwashe a jefar da ita. Bakin ƙugiya da ya buɗe ba a mayar da shi da wuta, haka kaca ba a yi mata ƙari da walda. A ɗaure gindin da manyan kusoshi a jikin shasi, ba a kan farantin bayan motar ba, sannan a cika giris.

Sai gwaji. A ɗaga gaban ƙaramar mota kamar taƙi ɗaya, a saki hannu, a jira a ga ko za ta sauka. A kuma lura da tayoyin gaban janwen: in sun yi sako-sako, kaya ya fi ƙarfinta.

Fenti shi ne na ƙarshe, tare da fitilar gargaɗi. A yi inshora da takardar shaidar lafiyar mota, a nemi izinin aikin ja daga hukumomin jihar, a kuma yi rajista da ƙungiyar masu janwe ta yankin, domin kowane tsayi da masu shi. Wanda ya tsallake wannan, wata rana tasa janwen ce jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, za su ja.