Darasin Sana'a: Yadda Ake Yanka Gwangwani A Ƙera Motar Wasa

Da kaka ta yi, yaran Rawayau da na ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma sukan koma ƙera mota. Wasu da kara suke yi, wasu da langa-langa, wasu da gwangwanin madara ko na tumatir. Iyaye da yawa suna ɗaukar abin shiririta, har su kore su da tsawa. Amma aikin da yaron nan yake yi, shi ne aikin mai gyaran amalanke da baro. Girman ƙarfen ne kawai ya bambanta. Darasinmu na wannan wata zai nuna yadda ake auna ƙarfe a yanka shi ba tare da asara ko rauni ba.

Da farko a san ƙarfen. Gwangwanin madara da na tumatir baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa. Na lemo kuwa yawanci alminiyom ne, yana da laushi, bai iya ɗaukar kaya. In kana shakka, kara masa mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, shi ya dace da bodin mota.

Kada a sa almakashi a ƙarfe sai an gama aiki a kan kwali. A zana kowane ɓangare a kwali da rula da fensir, a yanka, a lanƙwasa, a haɗa a gani. In bai zauna ba, kwali kawai aka ɓata. In ya zauna, sai a shimfiɗa shi a kan ƙarfen, a bi gefensa da tsinin ƙusa. Motocin gaske ma daga takarda suke farawa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, zanen mota ne sana'arsa. Ya yi aiki a kamfanin General Motors na Amurka, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007.

Ga lissafin da 'yan ajin yaƙi da jahilci za su ji daɗinsa. In aka tsaga gwangwani aka miƙe shi, tsawonsa yakan zama faɗin bakinsa sau uku da ɗan ɗori. Gwangwani mai faɗin baki inci 4 da tsayi inci 5 zai ba ka falle mai tsawon inci 12 da rabi. In ka cire bakin sama da na ƙasa, faɗin zai koma kamar inci 4 da rabi.

To, a ce bodin motar tsawonsa inci 6 ne, faɗinsa inci 2, bango kuma inci 1 a kowane gefe. Tsawo ya zama 8, faɗi ya zama 4. Nan ne masu koyo suke tsayawa, kuma nan ne suke kuskure. Dole a ƙara kwatan inci a kowane gefe, wanda za a ninke ciki a daka da guduma don a kashe kaifi. Ke nan ana bukatar 8 da rabi da 4 da rabi. Gwangwani ɗaya ya isa, har da ragowar inci 4 na kan mota.

Wajen lanƙwasawa, a ɗora layin a gefen katako, a riƙa bugawa a hankali. Ƙarfen da aka yi ta lanƙwasawa ana miƙewa, tsagewa yake yi. Taya kuwa, tsohon silifas ya wadatar.

Yanka aikin babba ne, yaro ya yi awo da zane. A goge duk bakin da aka yanka da magagari. In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba ƙasa ko toka. Ƙwayar ciwon tatanas, mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. In raunin ya yi zurfi, a je asibiti a nemi allura. Gwangwanin maganin feshi kuma ba abin wasa ba ne, ko an wanke shi.

Mai amalanke, wannan hanya ita ce taka. Fallen ƙarfe yakan zo ƙafa 4 da ƙafa 8. Kaurinsa ana kiransa geji, kuma lambar a juye take: geji 16 ya fi geji 22 kauri. Na 16 kaurinsa kamar milimita ɗaya da rabi ne, ya fi ƙarfin ƙaramin almakashi. Ka auna amalankenka, ka rubuta awon a takarda kafin ka je wurin mai walda. In da tsohon duro za ka yi, kada a kusantar da wuta ko injin yanka ga wanda ya taɓa ɗaukar fetur. Tururin da ya rage a ciki yana fashewa.

Aikin gida: gwangwani mai faɗin baki inci 3, in an miƙe shi, inci nawa zai bayar? Zai isa tsawon bodin motar nan tamu? Ku kai wa malamin ajinku amsa.