GWANGWANI: DAGA INA YA FITO, INA YAKE KOMAWA?

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani abu ne wanda babu gidan da ba ya shiga, kuma babu bolar da ba a ganinsa, watau gwangwani. Na madara, na tumatir, na kifi, na fenti, har da marfin kwalbar lemo da yara suke tsinta suna wasa da shi. Kada wani ya ce, "Haba Malam, gwangwani kuma?" Ku dai biyo ni a hankali.

Da fari ku san abin da aka yi shi da shi. Larabawa suna ce wa baƙin ƙarfe hadid. In aka tace shi, aka bar masa ɗan sinadarin kabon kaɗan, watau abin da gawayi ya ƙunsa, sai su kira shi fulaz. Mu kam duka ƙarfe muke cewa. To jikin gwangwani fulaz ne da aka murje shi ya zama falle, kaurinsa bai fi kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Sa'an nan aka shafe shi ciki da waje da kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a ƙasar Jos tun farkon ƙarni na 20. Shafen kuzar nan ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, bai ma kai kashi 1 cikin 100 na nauyin gwangwanin ba, amma shi ne yake tsare ƙarfen daga tsatsa. Wannan sheƙi da kuke gani a cikin gwangwanin madara, nata ne. Wasu gwangwanayen kuma akan ƙara musu wani shafe mai kama da man goge katako daga ciki, saboda tsamin abinci kada ya ci ƙarfen.

Asalin al'amarin yunwar sojoji ce. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya gano cewa in aka zuba abinci a kwalba, aka toshe ta, aka dafa ta cikin tafasasshen ruwa, abincin zai daɗe bai lalace ba. Gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000 a 1810. A wannan shekara kuma wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka da gwangwani maimakon kwalba, kuma a 1813 aka buɗe masana'antar abincin gwangwani a Landan. Abin dariya, sai da aka yi shekara 40 da wani abu kafin a ƙirƙiro mabuɗin gwangwani. Kafin nan da guduma da kurfi ake fama.

Yanzu ga mas'alar da ta fi kowace muhimmanci, wadda nake so kowane ɗalibi ya riƙe ta da kyau. Ƙarfe ba ya zama tsantsarsa a cikin ƙasa. Ana samunsa ne a cikin tama, kuma tama ba kome ba ce illa ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin ya zama dutse. Aikin mai narka tama shi ne ya raba su, kuma ba sa rabuwa sai da wuta mai tsanani da gawayi mai yawa. Kakanninmu sun san wannan wahala. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000, kuma a gindin Dala ma an narka tama tun kafin Kano ta zama birni. A masana'antun zamani ana zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa cikin wata doguwar matoya, a hura musu iska mai zafi dare da rana. Kabon ɗin da ke cikin kwal shi yake fizge oksijin daga tama, su fita tare a matsayin hayaƙi. Wannan hayaƙi shi ne iskar kabon da take ɗumama duniya, kuma masana'antun ƙarfe su kaɗai suna da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na abin da 'yan Adam suke fitarwa. Ba mamaki, domin a 2023 duniya ta narka ƙarfe kusan tan biliyan 1.9.

To mene ne tsatsa? Tsatsa ita ce komawar ƙarfe ga oksijin. Ashe ke nan gwangwanin da aka jefar a bola, ruwan sama ya dake shi, kuzarsa ta goge, ya yi ja, ya marmashe, komawa yake yi tama. Sai dai tama ce da ta warwatse cikin shara, ba mai iya sake tattara ta. Duk wutar da aka hura, duk kwal ɗin da aka ƙona domin a raba shi da oksijin, sun tafi a banza. Amma in aka tsince shi tun yana ƙarfensa, aikin rabawar nan mai tsada an riga an gama shi, narkarwa kaɗai ta rage. Ƙungiyar masu sarrafa ƙarfe ta duniya ta yi lissafi cewa tan ɗaya na tsohon ƙarfe da aka sake narkawa yana hutar da haƙo tama tan 1.4, da kwal kilo 740, da dutsen farar ƙasa kilo 120, ya kuma hana fitar iskar kabon tan 1.5.

Bugu da ƙari, ƙarfe yana da wata baiwa da takarda da roba ba su da ita. Takarda in an jiƙa ta an sake yin wata, zaruruwanta gajarta suke yi, bayan kamar sau 5 zuwa 7 ba ta sake yiwuwa. Roba ma kowace narkarwa tana rage mata ƙwari. Ƙarfe kuwa in ya narke ya manta da abin da yake a da. Gwangwanin tumatir na bana yana iya zama rodin gini baɗi, rodin nan kuma bayan shekara 60 in an rushe ginin ya zama ƙyauren mota, ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Wannan shi masana suke kira tattalin arziki mai zagayowa. Kishiyarsa shi ne mai miƙewa: a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a jefar, a koma a sake haƙowa.

Baiwa ta biyu ita ce maganaɗisu yana kama shi. A ƙasashen Turai shara takan bi ta kan wani bel mai tafiya, a samansa an rataye babban maganaɗisu. Duk wani gwangwanin ƙarfe sai ya yi tsalle ya manne, sauran shara ta wuce. Daga nan injin ya matse su dunƙule-dunƙule, a kai masana'anta, a zuba cikin tukunyar da take narka ƙarfe da wutar lantarki a zafin da ya kai wajen digiri 1,600. Da wannan dabara ƙasashen Tarayyar Turai suka mayar da kashi 80.5 cikin 100 na gwangwanayensu da sauran mazubin ƙarfe zuwa masana'anta a 2022, alhali dokarsu ta 2018 ta ɗibar musu zuwa 2030 ne su kai kashi 80. Japan ta haura kashi 90. Ku lura, gwangwanin lemo da na maltina galibi ba ƙarfe ba ne, alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi. Shi ne masu zubin tukwane suke saye. Kada a haɗa su buhu ɗaya, kowanne da kasuwarsa da farashinsa.

Amma fa kada ku ɗauka zagayen nan ya rufe ruf. Tsohon ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da masana'antun duniya suke narkawa ba, saboda ƙarfen da ya shiga gada ko layin dogo yakan yi shekaru masu yawa kafin ya dawo, buƙata kuwa kullum ƙaruwa take. Sa'an nan ita kuzar da ta tsare gwangwani daga tsatsa, in ta yi yawa a cikin narkakken ƙarfe tana sa shi ya riƙa tsagewa wajen murzawa, haka ma jan ƙarfe. Shi ya sa ake gauraya gwangwani da wani tsohon ƙarfen, wasu masana'antun kuma su fara ɗebe kuzar da sinadari da lantarki su sayar da ita daban.

Mu dawo gida. Mu ba mu da bel da babban maganaɗisu, amma muna da mutane, har sunansu daga wannan abu aka samo shi: 'yan gwangwan, waɗanda ake kuma kira 'yan jari bola. Su ne suke bi lungu-lungu da kura ko buhu, su kai wa mai sikeli, mai sikeli ya tara ya cika tirela, tirela ta nufi masana'antun narka ƙarfe, waɗanda da yawansu suke wajen Ikko da jihar Ogun. Da yake babbar masana'antar Ajakuta, wadda aka gina domin ta narka tamar Itakpe, ba ta kai ga yin wannan aiki ba, mafi yawan rodin da ake yi a Nijeriya daga tsohon ƙarfe yake fitowa. Watau ginin makarantarku ma, in da rodin gida aka yi shi, akwai gumin ɗan gwangwan a cikinsa. Don haka ni ban yarda ɗalibi ya riƙa yi wa mai wannan sana'a ihu ko tsokana ba.

Kafin ma a kai ga narkarwa, iyayenmu mata sun riga masana gane cewa sake amfani da abu ya fi sake narka shi araha, tunda ba ya cin wuta ko kaɗan. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin shinkafa da gishiri, ya zama fitilar aci-balbal. Babban gwangwani ya zama guga ko mazubin daddawa. A kasuwar Panteka ta Kaduna za ku ga maƙera suna mayar da tsohuwar durom murhu da kasko da akwati. Yaro ma da ya yanka gwangwani ya ƙera mota, ilmi yake koya. Abin da ya rage wannan al'ada shi ne shigowar tumatirin leda da madarar leda. Ba na zargin uwar da ta saye su, domin su ne daidai aljihunta. Sai dai ledar nan an yi ta ne da falle-falle na roba da alminiyam manne da juna, raba su yana da wuya, ba mai sayenta, ƙarshenta kwata.

Akwai gwangwanin da ba a sake amfani da shi ko kusa: na maganin ƙwari, na maganin feshin gona, na fenti. Ko an wanke shi sau goma kada a zuba abinci ko ruwan sha a ciki. Na feshi kuma, irin na maganin sauro da na turare, ba a huda shi, ba a jefa shi wuta, domin fashewa yake yi. Gwangwanin abinci da kuka ga ya kumbura tun ba a buɗe ba, kada a ko ɗanɗana, wataƙila ƙwayar cuta mai dafin kisa ce ta hura shi. Wanda aka yasar a tsakar gida da damina yana tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki. In kuma bakinsa ya yanki yaro, a wanke da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Ba tsatsar ce take kawo shi ba, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, yankan ne yake buɗe mata ƙofa.

Sana'ar gwangwan kanta tana da nata ciwon, ba zan ɓoye muku ba. Da ƙarfe ya yi daraja, sai ɓata-gari suka shiga rigar masu sana'a, suna cire marafan kwalbati da ƙarafan gada da ƙofofin makarantu. A 2023 gwamnatin Borno ta hana tsintar ƙarafa bayan an yi ta kashe masu shiga daji nemansu, a Janairun 2025 kuma hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo a cikin birni saboda satar marafan ramukan titi. Kun san hukuncin sayen kayan sata, mun karanta shi a aji, kuma mai sikelin da ya karɓi marfin kwalbati daga hannun yaro bai tambaya ba, shi ma ya sani. Haka wanda yake cusa yashi ko ruwa cikin gwangwani ya matse bakinsa don ya yi nauyi, algus ya yi, algus ɗin ma mai haɗari, domin ruwa in ya shiga narkakken ƙarfe tururi yake zama nan take ya yi bindiga a fuskar ma'aikaci. Ku kuma iyaye, in yaro ya fara shigowa da kuɗin gwangwan, a tambaye shi ina ya samo, kuma da wane lokaci, na makaranta ko na hutu.

Abin da nake so kowane gida ya yi ba shi da wuya. A ware buhu ɗaya. Gwangwani in ya ƙare a ɗauraye shi da ragowar ruwan wanke-wanke, a tura marfinsa ciki, a zuba marafan kwalba a ciki su ma, domin ƙanana ne, su kaɗai ɓacewa suke yi. Sa'an nan babba ya taka bakinsa ya rufe. A ajiye buhun inda ruwa ba ya taɓa shi har mai saye ya zo.

Aikin gida kuwa, kowane ɗalibi ya nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. Ya gwada shi a kan mazubi 10 na gidansu, ya rubuta waɗanda ya kama da waɗanda ya ƙi. 'Yan aji biyar da shida kuma ga ƙari: in ajinku ya tara gwangwani kilo 50, alhali tan ɗaya kilo 1,000 ne, kilo nawa na tama, nawa na kwal, nawa na dutsen farar ƙasa kuka hutar da haƙowa? A kawo amsa ranar Asabar, a rubuce da ajami ko da boko.